Kayan Aro A Cikin Manhaja: Baƙin Da Ke Shigowa Ta Bayan VS Code

A ƙarshen watan Nuwamba na 2018 kamfanin Microsoft ya fitar da wata sanarwa ga masu amfani da manhajarsa ta rubutu, Visual Studio Code. Ya ce ya janye wasu manhajojin ƙari daga kasuwarsa, kuma waɗanda suka riga suka girka su za a cire musu su kai tsaye daga kwamfutocinsu. Waɗanda suka rubuta waɗannan manhajoji ba ɓarayi ba ne, kuma ba su saka wani mugun abu da hannunsu ba. Da yawansu ma ba su taɓa jin sunan abin da ya jawo musu wannan ba, wato wani ɗan ƙaramin ƙunshi mai suna flatmap-stream. Ba su ari wannan ƙunshi ba. Sun ari wani abu ne, shi kuma ya ari wani, shi kuma wancan ya zo da baƙo a bayansa.

Ga wanda bai san harkar ba, Visual Studio Code, ko VS Code a taƙaice, manhaja ce da ake rubuta umarnin kwamfuta a cikinta, abin da masu sana'ar ke kira kod. Ta fito a 2015, kuma a cikin wannan shekarar aka buɗe tushenta ga kowa ya duba ya gyara. Kyauta ce, shi ya sa duk matashin da ya fara koyon wannan sana'a, ko a makaranta ko a shagon intanet, da wuya bai fara da ita ba. Ƙarfinta kuwa yana ga manhajojin ƙari: ƙananan manhajoji da kowa zai iya rubutawa ya ɗora a kasuwa, wannan tana gyara kurakurai, wannan tana canza launin rubutu, waccan tana koya wa VS Code wani sabon harshen kwamfuta. Akasarinsu a buɗe suke, kuma akasarinsu mutum ɗaya ne ko biyu ke kula da su bayan sun tashi daga aiki.

Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe tun daga nan shi ne, manhajar ƙari ba a killace take ba. Duk abin da kai mai kwamfutar za ka iya taɓawa, ita ma za ta iya: ta karanta fayilolinka, ta aika saƙo ta intanet, ta kunna wata manhajar. Kuma tana sabunta kanta ba tare da ta tambaye ka ba, sai dai in ka hana. Ke nan abin da ke cikinta ba ƙaramar magana ba ce.

Daga aro ɗaya zuwa ɗaruruwa

Mu ƙaddara wata ɗaliba ta gaji da farautar ƙ da ɗ da ɓ a kan allon rubutu, ta ce bari ta rubuta manhajar ƙari da za ta riƙa saka mata ƙugiya da kanta. Aikin nata bai fi layi ɗari biyu ba. Amma kafin layukan nan su zama abin da wani zai girka, sai sun bi ta matakai: a juya su daga harshen TypeScript zuwa JavaScript, a gwada su, a tattara su, a naɗe su cikin fayil ɗaya mai ƙarshen suna .vsix. Wannan jerin matakai shi ake kira gini. Kuma kowane mataki da kayan aikinsa, waɗanda ba ita ta ƙera su ba. Daga wani babban rumbu mai suna npm take ɗebo su, rumbun da Isaac Schlueter ya kafa a 2010, wanda yanzu yake hannun GitHub, shi kuma GitHub mallakar Microsoft ne.

A cikin aikin nata akwai wani fayil mai suna package.json. Shi ne takardar cefane. A nan take rubuta sunayen ƙunshin da take buƙata, a ce guda shida ko bakwai. Sai ta ba da umarnin npm install. Kafin ta gama shan shayi, wata jaka mai suna node_modules ta cika da ƙunshi ɗaruruwa, datar wayar da ta jona kuwa ta yi ƙasa. Daga ina sauran suka fito? Kowane ƙunshi da tasa takardar cefanen, kuma waɗanda ya aro su ma da tasu. Ka gayyaci mutum bakwai walima, kowa ya zo da abokansa, abokan ma suka zo da nasu, kuma duk an ba su izinin shiga har ɗaki.

Ba aibi ba ne aro. Babu mai hankalin da zai ce sai ya ƙera wa kansa manhajar juya TypeScript kafin ya rubuta layi ɗari biyu, kamar yadda tela ba ya saƙa yadi. Matsalar tana wajen sanin me aka aro, daga wa, kuma wane bugu.

Wata 'yar alama mai kama da hula

Kowane ƙunshi yana da lambar bugu mai kashi uku, misali 3.3.4. Bisa ƙa'idar da aka amince da ita, lambar ƙarshe tana ƙaruwa idan an gyara kuskure, ta tsakiya idan an ƙara sabon abu ba tare da an taɓa na da ba, ta farko kuwa idan an yi canjin da zai iya karya aikin masu amfani da shi. Mu malamai mun san wannan a littattafan aji: sake bugu da gyaran kuskuren ɗab'i daban, sabon bugu da aka sauya lambobin shafi daban.

To, idan ka girka ƙunshi, npm ba ya rubuta 3.3.4 kawai a takardar cefane. Yakan sa masa wata 'yar alama a gaba, ya zama ^3.3.4. Ma'anarta: ka ba ni wannan, ko duk wani sabo da ya fito, muddin lambar farko ba ta wuce 3 ba. Niyyar mai kyau ce, don gyare-gyare su riƙa iso ka ba sai ka bi su ba. Amma a aikace alƙawari ne ka ɗauka cewa za ka karɓi abin da ba a ma rubuta ba tukuna, daga hannun duk wanda zai kasance yana riƙe da ƙunshin a ranar.

Ta wannan ƙofa aka shigo a 2018. Wani ƙunshi mai suna event-stream, wanda ake saukewa kusan sau miliyan biyu a mako, na wani ɗan ƙasar New Zealand ne mai suna Dominic Tarr. Ya daɗe da daina amfani da shi, kuma ba ya samun ko sisi a kansa. Sai wani da ba a san shi ba, mai lakabin right9ctrl, ya nemi a bar masa kula da shi. Tarr ya miƙa masa. A duniyar buɗaɗɗiyar manhaja wannan ba baƙon abu ba ne, haka ayyuka da yawa ke samun magada. A watan Satumba sabon mai kular ya fitar da bugu na 3.3.6, wanda a cikinsa ya ƙara dogaro da flatmap-stream. 'Yan kwanaki bayan haka sai ya fitar da 4.0.0 wanda babu flatmap-stream a ciki. Duba wayon: wanda ya leƙa sabon bugu zai gan shi tas. Amma dubban ayyukan da ke ɗauke da alamar hular nan a kan lamba 3 ba za su haura zuwa 4 ba, za su tsaya ne daidai a kan 3.3.6, inda tarkon yake.

Mugun kod ɗin a ɓoye yake, an kulle shi, kuma yana cikin kwafin da aka ɗora a rumbun npm ne, ba a cikin wanda jama'a ke karantawa a GitHub ba. Ba ya motsi a ko'ina sai a wuri ɗaya: lokacin da ake gina Copay, wata lalitar ajiyar kuɗin Bitcoin ta kamfanin BitPay. A nan ne yake farkawa ya cusa kansa cikin manhajar da za a raba wa jama'a, don satar makullan masu manyan ajiya. Ya kwashe fiye da wata biyu kafin wani ya lura a ranar 20 ga Nuwamba.

Manhajojin ƙarin VS Code ba su aka nufa ba, tsautsayi ne ya rutsa da su. Amma ka ga abin tsoron: da wanda ya ɗana tarkon ya ga dama, da ya sa shi ya farka a kowace kwamfuta. Kuma wani abin kunya ga Microsoft kansa, ƙunshin da ya tanadar wa marubuta manhajojin ƙari don gini da gwaji, mai suna vscode, shi ma yana jawo event-stream ta bayan fage. Wato wanda ya bi umarnin hukuma sau da ƙafa ma ya kwaso.

Ni dai ban ga laifin Tarr sosai ba. Mutum ya yi aiki kyauta shekara da shekaru, manyan kamfanoni suna cin moriyarsa, babu wanda ya taɓa tambayar ko ya gaji. Ranar da ya sauke kayan kuma aka yi masa ca.

Kulle

Maganin farko shi ne fayil na biyu, package-lock.json, wanda ya zo da npm bugu na 5 a 2017, bayan Yarn na Facebook ya riga ya kawo irinsa a 2016. Idan package.json takardar cefane ce, wannan shi ne rasit. Yana rubuta kowane ƙunshi da ya shigo, har da waɗanda ba ka gayyata ba, da ainihin lambar bugunsa, da inda aka ɗauko shi, da wata doguwar lamba mai kama da zanen yatsa wadda za ta tona asiri idan an taɓa ko harafi ɗaya a cikinsa.

Masu koyo da yawa sukan ƙi ɗora wannan fayil tare da aikinsu, saboda tsawonsa ya kai layi dubbai kuma ba ya karantuwa. Wasu kuma da zarar gini ya ƙi, shawarar farko da abokai ke ba su ita ce, “goge shi kawai ka sake girkawa.” Sau da yawa hakan yana aiki, shi ya sa shawarar ta ƙi mutuwa. Amma abin da aka yi a zahiri shi ne an yaga rasit, an sake buɗe ƙofa ga sabon bugun kowane ƙunshi a lokaci guda, ba tare da an duba ko ɗaya ba.

Akwai kuma bambanci tsakanin umarni biyu da suka yi kama. npm install yana iya gyara fayil ɗin kulle idan ya ga bai dace da takardar cefane ba. npm ci, wanda ya zo a 2018, ba ya sassauci: yana share node_modules gaba ɗaya, ya girka abin da ke cikin kulle daidai wa daida, idan kuma fayilolin biyu sun saɓa sai ya tsaya ya ƙi aiki. Shi ya kamata a yi amfani da shi a duk ginin da za a raba wa jama'a, musamman wanda ke gudana da kansa a kwamfutocin GitHub. Buɗaɗɗen aiki mutane ne daga ƙasashe daban-daban ke sa masa hannu, kuma in ba a kulle ba, abin da wannan ya gina ranar Litinin ba lalle ya zama abin da wancan ya gina ranar Alhamis ba, ko da ba a canza layi ɗaya ba.

Sai dai kulle yana tsayar da abu ne a inda ya same shi. Wanda ya kulle a watan Agustan 2018 ya tsira. Wanda ya kulle a Oktoba kuwa ya kulle ɓarawo ne a cikin gida. Shi ya sa ake buƙatar umarni irin npm ls, wanda idan ka haɗa shi da sunan ƙunshi zai nuna maka ta hannun wa ya shigo, da kuma npm audit mai sanar da ramukan da aka riga aka gano. Wannan na biyun yana da yawan surutu, gaskiya. Yakan jero gargaɗi masu ja a kan kayan da ba za su taɓa barin kwamfutar magini ba, har mutum ya saba da jan ya daina kallo. Duk da haka gara a karanta a tace da a toshe kunne.

Abin da ke tafiya da abin da ke zama a gida

Takardar cefane tana da ɓangare biyu. Na farko, dependencies, kayan da manhajar ke buƙata yayin da take aiki a kwamfutar mai amfani. Na biyu, devDependencies, kayan gini da gwaji kawai, irin tsani da kwanon siminti da magini ke kwashewa idan ya gama. Manhajar da ke naɗe komai zuwa .vsix, mai suna vsce, tana ɗaukar na farko ta bar na biyu.

Kuskure a nan iri biyu ne, kuma kowanne da irin cizonsa. Ka sa kayan gini a ɓangaren farko, manhajarka ta kumbura, mutane su sauke abin da ba su da buƙata, kai kuma ka raba musu haɗarin da ba nasu ba. Ka sa kayan aiki a ɓangare na biyu, komai ya tafi daidai a kwamfutarka tunda duk suna nan a node_modules, ka ɗora a kasuwa da murna, wanda ya girka kuma ta ƙi tashi sam. Umarnin vsce ls yana jero duk fayil ɗin da zai shiga naɗin kafin a ɗora, kuma duba shi bai fi minti ɗaya ba.

Hanyar da masu VS Code ke ba da shawara yanzu ita ce curewa. Ana amfani da kayan aiki irin esbuild ko webpack su bi kod ɗin tun daga farko, su tsinto abin da ake kira a zahiri, su dunƙule shi cikin fayil ɗaya ko biyu. Sauran a rubuta su a .vscodeignore a bar su a gida, har da node_modules ɗungurungum. Ita kanta vsce takan yi ƙorafi idan fayilolin JavaScript sun wuce ɗari, ta ce a cure. Ribar a fili take: saukewa ta yi sauƙi, tashi ya yi sauri, wanda kuma ke aiki da tsohuwar kwamfuta da data ta awo shi ya fi kowa jin bambancin. Abu ɗaya ne ba a curewa, wato ƙunshin da ake kira vscode a cikin kod, domin ita manhajar ce ke ba da shi lokacin aiki, dole a gaya wa esbuild ya bar shi a waje. Sannan lasisin kayan da aka cure ba ya narkewa tare da su. Ko mai sauƙin sharaɗi irin MIT yana buƙatar a bar sanarwar mai shi.

Akwai ƙunshin da ba sa curuwa cikin sauƙi, waɗanda ke da ɓangaren da aka rubuta da C ko C++. Su sai an gina wa Windows nasa, Linux nasa, Mac nasa, kuma su dace da Electron ɗin da VS Code ke tafiya a kai. Tun 2021 ana iya ɗora naɗi daban ga kowane tsari. Wanda zai iya kauce musu dai ya kauce.

Layi goma sha ɗaya

Tambayar da aka fi tsallakewa ita ce ta farko: shin ina ma buƙatar wannan aron? A watan Maris na 2016 wani mai suna Azer Koçulu ya yi rigima da kamfanin Kik a kan sunan wani ƙunshi, npm ya goyi bayan kamfanin, shi kuma ya fusata ya janye ƙunshinsa sama da 250 daga rumbun. A cikinsu akwai left-pad, layi goma sha ɗaya kacal, aikinsa cike gurbi a gefen hagu na rubutu. Nan take gine-gine suka tsaya cak a faɗin duniya, har da na manyan ayyuka irin Babel, sai da npm ya maido da shi da kansa, daga baya kuma ya tsaurara dokar janyewa. Zanen aro dai ba ya rufe katara. Shekara guda bayan haka harshen JavaScript ya samu padStart, mai yin wannan aikin ba tare da aron komai ba.

Makulli a aljihun magini

A 'yan shekarun nan masu kutse sun fi karkata ga shi maginin. Dalili kuwa, ƙunshi yana iya ɗauke da umarnin da zai gudana da kansa a daidai lokacin da ake girka shi, tun kafin ka buɗe shi. Ke nan ko kayan gini da ba za su taɓa isa ga mai amfani ba suna da damar yawo a kwamfutar da ke riƙe da makullin ɗora manhaja a kasuwa. Wanda ya sace wannan makulli zai iya fitar da sabon bugu da sunanka, kuma sabuntawar kai tsaye za ta kai shi ga duk wanda ya amince da kai.

A watan Satumba na 2025 an ga abu biyu a jere. An yaudari mai kula da chalk da debug, ƙunshi biyu da ke cikin kusan kowace jakar node_modules, da saƙon imel mai kama da na npm, aka fitar da gurɓataccen bugu da ya yi 'yan sa'o'i kafin a cire. Bayan kamar mako guda sai ga wata tsutsa da aka laƙaba wa Shai-Hulud, wadda ke amfani da umarnin lokacin girkawa ta kwashe makullai, sannan ta yi amfani da su ta shiga sauran ƙunshin wanda ta kama. Ta taɓa ɗaruruwa.

Abin da ya fito daga wannan shi ne ɗabi'ar jinkiri. Gurɓataccen bugu yawanci ana gano shi cikin sa'o'i ko kwanaki, don haka wanda ya ƙi karɓar sabon bugu sai ya kwana biyu a kasuwa ya tsallake mafi yawan tarkon. pnpm, ɗaya daga cikin kishiyoyin npm, ya daina gudanar da umarnin girkawa na kayan aro sai an ba shi izini tun bugu na 10, daga baya ya ƙara saitin da ke hana ɗaukar bugun da bai kai wani adadin lokaci ba. A npm kuma akwai zaɓin --ignore-scripts. Mai amfani da pnpm dai ya sani vsce ba ta gane tsarin jakarsa ba, sai ya cure kod ɗinsa ya kira ta da --no-dependencies.

Shi ma Microsoft rage kaya ya yi. A 2019 ya raba ƙunshin vscode ɗin nan, mai jawo wasu sama da ɗari biyu a bayansa, zuwa gida biyu: @types/vscode, wanda bayanin ƙofofin manhajar ne kawai babu kod mai gudana a ciki, da wani daban na gwaji ga mai buƙata. Ɗalibarmu mai ƙugiya, idan yau ta fara, @types/vscode za ta sa a ɓangaren kayan gini, kuma lambar bugunsa kada ta wuce wadda ta rubuta a layin engines na package.json, wato mafi tsufan VS Code da ta yi alƙawarin manhajarta za ta yi aiki a kai. In ta wuce, vsce za ta ƙi naɗewa.